Yadda Ake Shigar da Ƙorafi a Kan Jami'in da Ke Kula da Tallafin Masu Nakasa

Mutumin da ke karɓar tallafin nakasa daga gwamnati, ko yake kan nemansa, ba ya mu'amala da minista ko shugaban hukuma. Wanda yake gani, kuma yake kira a waya, shi ne jami'in da aka damƙa wa fayil ɗinsa. Wannan jami'in ne ke karɓar takardun likita, shi ke shigar da bayanai cikin kwamfuta, shi ke sanar da mutum ranar sake tantancewa, kuma sau da yawa abin da ya rubuta a fayil shi ne tushen hukuncin da za a yanke a kan ko za a ci gaba da biya ko za a dakatar. Jami'ai da yawa suna yin aikinsu da amana duk da tarin fayilolin da ke gabansu, amma akwai waɗanda ke yin biris da kira, ko su ɓatar da takardu, ko su yi wa mutum magana ta ƙasƙanci, kuma a irin wannan hali mai nakasa yakan haɗiye abin a ransa saboda tsoron kada ƙorafi ya jawo a yanke masa ɗan abin da yake samu.

Wannan tsoron yana da dalili, bai kamata a raina shi ba. Sai dai tallafin nakasa haƙƙi ne da doka ta tanada, ba alfarmar jami'i ba ce. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, wadda aka amince da ita a shekarar 2006 ta kuma fara aiki a 2008, ta bayyana a sashe na 28 cewa masu nakasa suna da haƙƙin samun kariyar jin daɗin rayuwa ba tare da nuna musu bambanci ba, kuma mafi yawan ƙasashen duniya sun rattaba hannu a kanta. Wanda ya yi ƙorafi a kan jami'in da ya gaza yin aikinsa, abin da yake nema kawai shi ne a bi dokar da gwamnatin kanta ta ɗauki alkawarin bi.

Fara da tantance abin da kake ƙorafi a kansa

A nan ne mafi yawan mutane ke yin asara, don haka ya cancanci a tsaya a kansa sosai. Akwai bambanci tsakanin ƙorafi a kan halayyar jami'i da ɗaukaka ƙara a kan hukuncin da hukuma ta yanke, kuma a kusan ko'ina hanyoyi biyu ne daban, kowace da ofishinta da takardarta da wa'adinta. Idan jami'i ya ƙi amsa waya na tsawon makonni, ko ya zage ka, ko ya bayyana sirrin rashin lafiyarka ga wanda bai dace ba, ko ya ba ka bayanin da ba daidai ba, wannan ƙorafi ne a kan aiki. Idan kuwa an ƙi amincewa da buƙatarka, ko an rage kuɗin, ko an dakatar da shi, ko an ce an biya ka fiye da haƙƙinka sai ka mayar, wannan hukunci ne, kuma ba a warware shi sai ta hanyar neman a sake dubawa ko ɗaukaka ƙara.

Haɗarin shi ne, mutum yakan rubuta doguwar wasiƙar ƙorafi a kan jami'in da ya zalunce shi, ya zauna yana jiran amsa, yana zaton ƙorafin zai dawo masa da kuɗinsa, alhali wa'adin ɗaukaka ƙara yana ta tafiya har ya ƙare. Waɗannan wa'adodin gajeru ne ƙwarai. A Amurka, hukumar da ke biyan tallafin nakasa ta tarayya tana ba da kwana 60 daga ranar da mutum ya karɓi takardar hukunci, kuma tana ɗauka cewa takardar ta isa hannunsa kwana 5 bayan ranar da aka rubuta a kanta. Wanda aka dakatar wa tallafi bisa dalilin cewa lafiyarsa ta inganta, idan yana son a ci gaba da biyansa yayin da ake sauraron ƙararsa, kwana 10 kacal yake da su. A Birtaniya wata ɗaya ake bayarwa don neman a sake duba hukunci kafin a je gaban kotun sauraron ƙararrakin tallafi. A lardin Ontario na Kanada kwana 30 ne don neman hukumar da kanta ta sake duba hukuncinta. Kowace ƙasa da nata tsarin, amma yawanci ana rubuta wa'adin a jikin takardar hukuncin, sau da yawa a shafi na ƙarshe da ƙananan haruffa, don haka ka nemo shi tun ranar farko, ko ka sa a karanta maka.

Idan matsalarka ta haɗa duka biyun, misali jami'i ya ɓatar da rahoton likitanka kuma saboda haka aka dakatar da kuɗinka, to ka shigar da ɗaukaka ƙarar da farko, sannan ka bi ta da ƙorafi a takarda ta daban. A ra'ayina wannan ita ce shawara mafi muhimmanci a duk wannan bayanin, domin ƙorafin da ya yi jinkirin mako biyu ba ya mutuwa, amma ƙarar da ta wuce wa'adi tana iya mutuwa, ko a tilasta wa mutum ya kawo hujjar jinkirinsa kafin ma a saurari ainihin maganarsa.

Tara hujja kafin ka ce uffan

Jami'in yana da fayil, kuma duk abin da ya rubuta a ciki shi hukuma za ta fara ɗauka a matsayin gaskiya. Kai ma sai ka buɗe naka. Ka ware littafi guda, ko wuri guda a wayarka, inda za ka riƙa rubuta kowace hulɗa da ofishin: ranar, lokacin, sunan wanda ka yi magana da shi, abin da ka tambaya, abin da aka ce maka, da alkawarin da aka yi idan an yi. Ko kiran da ba a ɗauka ba ma ka rubuta shi, domin jerin kira takwas da ba a amsa ba, kowanne da ranarsa, ya fi jimlar "ba ya taɓa ɗaukar waya" ƙarfi nesa ba kusa ba. Wanda rubutu ke yi wa wahala yana iya naɗar muryarsa a waya da zarar ya fito daga ofis, tun abin bai fara ɓace masa ba, ko ya sa wani amintacce ya rubuta masa.

Kada ka miƙa asalin kowace takarda ba tare da ka ajiye kwafinta ba. Idan ka kai takarda da hannu, ka tafi da kwafi biyu, ka roƙi mai karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan naka. Idan ta gidan waya za ka aika, ka yi amfani da hanyar da ke ba da shaidar isarwa. Idan ta intanet ce, ka ɗauki hoton shafin da ke nuna an karɓa. Ka ajiye ambulan ɗin wasiƙun da hukuma ke aiko maka, saboda hatimin gidan waya da ke kansu yakan nuna cewa wasiƙar ta fito a makare, abin da zai iya ceton ka idan aka zo gardama kan wa'adi. Bayan kowace muhimmiyar magana ta baki, yana da kyau ka aika gajeren saƙo ka ce, "Kamar yadda muka tattauna yau, kun tabbatar min cewa kun karɓi rahoton likita, kuma za ku ba ni amsa kafin ƙarshen mako." Da wannan saƙon maganar baki ta koma shaida, kuma idan jami'in bai musanta ba, zai yi wuya ya musanta daga baya.

Game da naɗar muryar jami'i a ɓoye, ka yi hattara. Dokoki sun bambanta. A wasu wurare, kamar jihar Kalifoniya ta Amurka, sai da yardar duk masu maganar ake naɗar hirar sirri. Abin da ya fi aminci shi ne ka nemi izini a fili, ko ka tafi da wani mutum da zai zama shaida.

Akwai kuma wata dama da mutane da yawa ba su san suna da ita ba, wato neman ganin fayil ɗinsu. A ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya dokar kare bayanan mutum ta wajabta wa hukuma ta ba ka kwafin bayanan da take riƙe da su a kanka, yawanci cikin wata ɗaya, kuma a Amurka dokar sirri ta 1974 ta ba da irin wannan dama a hukumomin tarayya. Wasu ƙasashe da dama suna da dokoki makamantan haka. A cikin fayil ɗin ne za ka ga ko an shigar da takardar da aka ce ba ta iso ba, ko an rubuta cewa an kira ka ba ka ɗauka ba alhali ba a kira ba.

Rubuta ƙorafin

Kafin a kai ga takarda, wani lokaci kira ɗaya zuwa ga shugaban sashen jami'in yana wadatarwa, musamman idan matsalar jinkiri ce ko rashin fahimta. Ka tambayi teburin karɓar baƙi sunan shugaban da hanyar samunsa. Ba sai ka nemi izinin jami'in da kake ƙorafi a kansa ba. Amma idan abin ya shafi cin mutunci, ko nuna bambanci, ko an yi maka jeka-ka-dawo har ka gaji, to ka tafi kai tsaye ga rubutu. Mafi yawan hukumomi suna da fom na ƙorafi ko adireshin da aka keɓe masa, kuma suna da rubutaccen tsarin da ke nuna cikin kwana nawa ya kamata su amsa. Ka nemi wannan tsarin, domin da shi za ka riƙe su.

Wasiƙar kanta ba ta buƙatar wuce shafi ɗaya ko biyu. A sama ka sa sunanka, lambar fayil ɗinka, hanyar da za a same ka, da kalmar "Ƙorafi" a bayyane, don kada a jefa ta cikin wasiƙun yau da kullum. Daga nan ka jero abin da ya faru bi da bi, daga farko zuwa ƙarshe, kana faɗin abin da aka yi ko aka faɗa, ba abin da kake zaton yana zuciyar jami'in ba. Dubi bambancin waɗannan biyun. Na farko: "Wannan jami'i mugu ne, ba ya ƙaunar masu nakasa, kuma da gangan yake wahalar da ni." Na biyu: "Na miƙa rahoton likita a ranar 4 ga wata, kuma ga kwafin da aka buga wa hatimi. A ranar 19 aka aiko min da wasiƙa cewa ban kawo rahoton ba. Na kira sau biyar a cikin makon da ya biyo baya, ba a amsa ba. Da na je ofis a ranar 27, jami'in ya ce min a gaban mutane, 'Ku dai kun saba da roƙo.'" Ta farko za a iya ajiye ta a ce ɓacin rai ne. Ta biyu kuwa dole mai bincike ya buɗe fayil ya duba, domin kowace jimla a cikinta ana iya tabbatar da ita ko ƙaryata ta.

Ba ina cewa ka ɓoye raɗaɗin da ka ji ba. Ya kamata a sami sakin layi guda da ke bayyana abin da wannan sakacin ya jawo maka: maganin da ka kasa saya, kuɗin haya da ya taru, tafiyar da ka yi a banza da jikin da tafiya ke yi wa wahala, ko rashin barcin da damuwa ta haifar. Wannan bayanin yana da muhimmanci, don shi ke nuna girman ɓarnar. Abin da za ka guje wa shi ne zagi, barazana, da zargin da ba ka da hujjarsa. Magana zarar bunu ce, kuma wasiƙar da aka rubuta cikin fushi za ta zauna a fayil ɗinka shekara da shekaru. Idan ka gama rubutawa, ka bar ta ta kwana, ka sake karantawa, ko ka ba wani ya duba maka.

Sashen da aka fi mantawa shi ne na ƙarshe, wato faɗin abin da kake so a yi. Idan ba ka faɗa ba, ana iya aiko maka da wasiƙar ban haƙuri ta layi uku a rufe maganar. Ka nemi abin da hukuma za ta iya aiwatarwa: a gyara kuskuren da ke cikin fayil, a kammala aikin da ya tsaya cikin ƙayyadadden lokaci, a ba ka bayani a rubuce, a ba ka haƙuri, a mayar maka da kuɗin da ka kashe saboda kuskurensu idan tsarinsu ya tanadi haka, ko a sauya maka jami'i. Neman a kori jami'i daga aiki ba kasafai yake kaiwa ko'ina ba, kuma ko an ladabtar da shi, yawanci ba za a gaya maka irin matakin da aka ɗauka ba, saboda ana ɗaukar hakan a matsayin sirrin ma'aikaci. Sauya jami'i ma ba kowace hukuma ce ta ɗauke shi a matsayin haƙƙi ba, amma idan ka nuna cewa amana ta ɓaci har ta kai ba za ku iya aiki tare ba, sau da yawa shugaban sashe yakan amince. Ka rufe da neman a tabbatar maka a rubuce cewa an karɓi ƙorafin, a ba ka lambarsa, a kuma faɗa maka ranar da za ka sa ran amsa.

Idan nakasarka ta hana ka bin hanyar da suka tsara, ka faɗa tun farko. Makaho yana da damar neman a ba shi amsa ta hanyar da zai iya karantawa ko saurara, kurma yana da damar neman mai fassarar yaren hannu, kuma wanda ba ya iya rubutu yana iya neman a ɗauki ƙorafinsa da baki a rubuta, a karanta masa kafin ya amince. A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 ta wajabta irin wannan sauƙaƙawa, a Amurka kuma sashe na 504 na wata dokar tarayya ta 1973 ya hana hukumomin tarayya nuna bambanci saboda nakasa. Ƙin yin wannan sauƙaƙawa shi kansa dalilin ƙorafi ne.

Idan aka yi shiru, ko amsar ba ta gamsar ba

Ka rubuta ranar da aka yi alkawarin amsa, kuma washegarin cikarta ka aika tunatarwa mai ɗauke da lambar ƙorafin. Idan amsa ta zo amma ta kauce wa tambayoyinka, ka mayar da martani kana nuna kowane batu da ba a taɓa ba, ka nemi a miƙa maganar ga mataki na gaba, sannan ka buƙaci a rubuta maka a fili cewa wannan ce amsarsu ta ƙarshe. Wannan takardar ta ƙarshe tana da daraja, domin ofisoshin waje galibi ba sa karɓar ƙorafi sai mutum ya nuna ya gama bin matakan cikin gida.

Ofishin waje mafi muhimmanci shi ne na sauraron koke-koken jama'a, wanda a ƙasashe da yawa ake kira Ombudsman. Suwidin ce ta fara kafa irinsa a 1809, kuma yau akwai shi da sunaye daban-daban: a Najeriya Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ce da aka kafa a 1975, a Gana hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da adalci a ayyukan gwamnati ce ke yin wannan aiki, a Afirka ta Kudu kuma akwai ofishin mai kare jama'a. A Birtaniya akwai wani mai bincike mai zaman kansa da ake kai wa ƙorafi cikin wata 6 bayan amsar ƙarshe ta ma'aikatar da ke biyan tallafin, kuma bayan shi sai ofishin koke-koke na majalisa, wanda ake isa gare shi ta hannun ɗan majalisa. Irin waɗannan ofisoshi ba sa karɓar kuɗi, kuma suna da ikon neman fayil daga hukuma. Sai dai a galibin ƙasashe shawara suke bayarwa, ba sa soke hukuncin tallafi, kuma bincikensu yana ɗaukar watanni, abin da ya ƙara nuna dalilin riƙe ɗaukaka ƙara da muhimmanci.

Akwai laifuffukan da bai kamata a kai su ga shugaban sashe kaɗai ba. Idan jami'i ya nemi cin hanci kafin ya motsa fayil, ko ya karkatar da kuɗinka, ko ya nemi lalata, ko ya yi maka barazana, wannan ya wuce sakacin aiki, ya zama laifi. A kai shi ga 'yan sanda, ko hukumar yaƙi da cin hanci, ko sashen bincike mai zaman kansa na hukumar, irin ofishin sufeto janar da hukumar tallafin Amurka ke da shi. Idan kuma nuna bambanci ne saboda nakasa, jinsi, addini ko ƙabila, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ce ta dace, kuma ita ma tana da nata wa'adin.

Kada ka ɗauki wannan nauyin kai kaɗai idan akwai mai taimako. Ƙungiyoyin masu nakasa sun san ofisoshin da mutanen cikinsu, cibiyoyin ba da taimakon lauya kyauta suna iya rubuta wasiƙar da kai, kuma ofishin ɗan majalisar da ke wakiltar yankinka yakan iya tambayar hukuma halin da fayil yake ciki. Duk wanda zai yi magana a madadinka, ko da ɗan'uwanka ne na jini, yawanci sai ka ba shi izini a rubuce kafin hukuma ta saurare shi, don haka ka cike wannan takardar da wuri.

A duk tsawon lokacin da ƙorafin ke tafiya, ka ci gaba da cika abin da ke wuyanka: ka halarci duk ganawar da aka kira ka, ka kai takardun da aka nema a kan lokaci, ka sanar da duk canjin da doka ta ce a sanar, kamar sauya adireshi ko samun wani kuɗin shiga. Ƙorafi ba ya ɗauke waɗannan wajibai, kuma gazawa a cikinsu tana iya zama halastaccen dalilin dakatar da tallafi. Idan zama da jami'in ya yi maka nauyi, ka nemi a riƙa yin hulɗar a rubuce ko a gaban mutum na uku. Idan kuma ka lura cewa bayan ƙorafinka an fara yi maka abin da ba a saba ba, kamar sake tantancewa ba zato, ko neman takardun da ka riga ka kai, ko tsayar da biya ba tare da wasiƙar dalili ba, ka rubuta ranakun kusa da ranar da ka shigar da ƙorafin, ka nemi dalilin kowane mataki a rubuce, ka sanar da wanda ke binciken nan take, sannan ka shigar da sabuwar ɗaukaka ƙara a kan duk sabon hukuncin da aka yanke kafin wa'adinsa ya cika.